Jan kati a jikin jirgin wasa: yadda muka duba wani wurin shaƙatawa kafin Sallah

Ana saura kwana goma sha biyu Ƙaramar Sallah aka kira mu duba wani wurin wasa da ke cika maƙil duk lokacin biki. Mu uku ne: mai duba ƙarfe da walda, wato ni, sai mai lantarki, sai makanike. Wurin yana da jirgin hawa-da-gangara guda ɗaya, da babban lilo mai siffar ƙafar keke, da majaujawa biyu, da motocin karo, da ƙaramin jirgin ƙasa na yara. Manaja ya so a gama a yini ɗaya. Muka ce masa kwana uku, kuma mafi yawan aikin da dare ne bayan asham, saboda akwai gwajin da ba ya yiwuwa a kan ƙarfen da rana ta gasa.

Kafin a taɓa sifana, ana fara zagaya wurin ne kamar wanda ya sayi tikiti. Na ƙirga ƙwayayen fitilar da ke jikin ƙofar shiga, kusan kashi ɗaya cikin uku sun mutu. Famfunan bayan gida an ɗaure su da roba. Shingen layin jira ya karye, an ɗinke shi da rodi. Fenti kuwa sabo ne fil, amma in ka danna da farce sai ya ɓurma, domin an shafa shi ne a kan tsatsa ba tare da an kankare ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kashe mutum. Abin da ya sa ake rubuta su shi ne aljihu ɗaya ke biyan kuɗin ƙwan fitila da kuɗin boris. Wanda ya haƙura da abin da kowa ke gani, da wuya ya kashe kuɗi a kan abin da ke ɓoye ƙarƙashin kujera.

Wannan ba ciwon ƙananan wurare kaɗai ba ne. Disneyland da ke jihar Kalifoniya a Amurka, wanda aka buɗe a 1955, ya daɗe ana buga misali da shi wajen tsabta da kula da kaya. A tsakiyar shekarun 1990 aka naɗa Paul Pressler shugabansa, mutumin da ya fito daga ɓangaren shagunan kamfanin, hankali kuma ya koma kan cinikin kayan tsaraba da rage kashe kuɗi. Aka ɗauko masu ba da shawara na kamfanin McKinsey suka sake tsarin sashen gyara, aka mayar da yawancin makanikai aikin dare. Masu zuwa wurin a kai a kai su suka fara ƙorafi a kan fenti mai ɓarewa da fitilun da ba a canzawa, aka ɗauke su masu mita. Jajibirin Kirsimeti na 1998 wani ƙarfen ɗaure igiya ya fizge daga jikin Columbia, jirgin ruwan da ke yawo da baƙi a cikin wurin, ya kashe wani baƙo. Shekara ɗaya bayan haka Kalifoniya ta yi dokar da ta ba hukuma ikon duba kayan wasan da ke kafe a wuri ɗaya.

Daga zagaye sai ofis, a nemi takardu uku: littafin kamfanin da ya ƙera kowane inji, rajistar duban kullum, da rajistar gyara. Littafin jirgin babu shi. An sayo shi na hannu daga Turai, takardunsa kuma sun ɓata tun a hannun dillali. Wannan babbar matsala ce, don a littafin ne ake samun ƙarfin ɗaurin kowane noti, da iyakar cinyewar taya, da adadin awoyin da kowane sashe zai yi kafin a canza shi. In babu shi, kowa da ido yake aiki.

Rajistar kullum ita ce ta fi ba da labari. Duban gaskiya yana barin datti a takarda: yatsa mai giris, biro daban-daban, wata rana a rubuta "taya ta 3 tana ƙara". Wannan kuwa tsaf take. Biro ɗaya, hannu ɗaya, alamar "lafiya" a kowane gida na tsawon wata guda, har da ranar da masu gadi suka tabbatar mana wurin a rufe yake. A zama ɗaya aka cike ta.

Duk mai wannan sana'a ya san inda irin wannan sa hannu ke kaiwa. Ranar 5 ga Satumba 2003, a Disneyland ɗin dai, jirgin Big Thunder Mountain ya yi hatsari cikin rami: kan jirgin ya tashi ya bugi rufin rami ya faɗo a kan taragon farko, saurayi ɗan shekara 22 ya rasu, mutum 10 suka ji rauni. Binciken hukumar kare lafiyar ma'aikata ta jihar ya gano cewa notuna biyu da ke riƙe wata tayar jagora ba a ɗaure su yadda ya kamata ba, ba a kuma saka musu wayar tsaro ba, amma takarda ta nuna an gama aiki. Masu tuƙa jirgin sun ji baƙuwar ƙara, suka bar shi yana ɗaukar mutane da niyyar cire shi daga layi nan gaba kaɗan. Sai bayan wannan, da zuwan Matt Ouimet a matsayin sabon shugaban wurin a ƙarshen 2003, aka shiga gyara da fenti gadan-gadan kafin bikin cika shekara 50 a 2005.

Daren farko na jirgi ne. Mataki na farko a kashe wuta daga babban makunni, a sa kwaɗo, kowane ɗayanmu da nasa kwaɗon da mabuɗinsa a aljihu. Ba a yarda da "na faɗa wa yaro kada ya kunna". Sannan a zuƙe iskar da ke cikin tanki, don inji mai iska yana iya motsi ko da babu wuta.

Kowane tarago yana riƙe dogo da taya iri uku: ta sama mai ɗaukar nauyi, ta gefe mai hana shi kaucewa a kwana, da ta ƙasa mai hana shi tashi idan ya zo ƙololuwa. Ana ɗaga tarago da jak, a juya kowace taya da hannu, a saurara. Boris mai lafiya shiru yake juyawa. Wanda ya fara mutuwa yana gurza kamar an zuba masa yashi, kuma sau da yawa yashin ne da gaske, domin ƙurar hunturu idan ta haɗu da giris sai ta zama abin wasa wuƙa. A nan muka tarar ana ɗura sabon giris a kan tsoho ba tare da an wanke ba, kuma duk wanda aka samu a kasuwa shi ake sawa. Giris iri biyu da ba su dace da juna ba suna iya narkewa su tsiyaye, boris ya zauna a bushe alhali daga waje yana ƙyalli. Sai a duba robar da ke jikin tayar: ko ta tsage, ko ta fara rabuwa da ƙarfenta. Wadda ta fara ɗagowa ko da faɗin farce ne, ta gama aiki, domin zafin gudu zai ƙarasa ta.

Notuna su suka ci mana lokaci. A wurin da ake kula da kaya, duk notin da aka ɗaure da sifana mai awo ana ja masa layin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfen. Da safe makanike da tocila kawai zai bi: in layin ya goce, noti ya motsa. A jirgin nan babu layi ko ɗaya, sifana mai awo kuma tana cikin akwatinta a sito, ba a taɓa kai ta a daidaita ba. Ɗauri na "sai ya yi ƙara" ake yi, har da ƙara bututu a hannun sifana. Mutane suna tsoron sakakken noti, ba su san wanda aka ɗaure fiye da kima ya riga ya miƙe, yana jiran ranar tsinkewa ba. Don a ji girman abin: kusa mai kauri milimita 20 mai lamba 8.8 tana neman ƙarfin ɗauri kusan Nm 400 a ma'aunin sifana idan a bushe take, in kuma an shafa mata mai adadin yana raguwa. Lambar nan, mai nuna ƙarfin kusa, a kan kusar ake buga ta, 8.8 ko 10.9. Mun sami guda huɗu a mariƙin taya da kansu sumul, babu lamba, irin waɗanda ake sayarwa don ƙofar gida. An kuma maimaita amfani da noti mai zoben roba a ciki, wanda da an kwance shi riƙonsa ya ragu.

Sarƙar da ke jan jirgi zuwa sama ba ido ke gane tsufanta ba, ma'auni ne. Ana ja ta ta miƙe, a auna tsawon gaɓa goma. Idan kowace gaɓa milimita 100 ce tana sabuwa, goma za su ba da 1,000. Iyakar da aka saba amfani da ita ga irin wannan sarƙa ita ce ƙarin kashi 3 cikin ɗari, wato 1,030, wasu kamfanoni ma ba sa bari a kai can. Ba ƙarfen ne ke miƙewa ba, fil-fil ɗin da ke tsakanin gaɓoɓi ne ke cinyewa. Tasu ta wuce iyaka, kuma dabarar da suka yi ita ce cire gaɓa ɗaya don ta daina lilo. Hakan yana ɓoye alamar ne kawai, sarƙar kuma ta ci gaba da cinye haƙoran giyar da ke jan ta. Kusa da sarƙar akwai wani layin haƙora, a ƙarƙashin tarago kuma akwai harshen ƙarfe da ke faɗawa cikinsu. Shi ne ƙaf-ƙaf-ƙaf ɗin da ake ji lokacin hawa, kuma shi ke hana jirgi komawa baya idan sarƙa ta tsinke. A tarago ɗaya harshen ya maƙale a sama saboda busasshen giris. Abin da ya kamata ya ba kowa tsoro, wato jirgi ya hau shiru, su a wurinsu alamar lafiya ce.

Dare na biyu muka koma kan ginshiƙai da walda. Mafi yawan ƙarafan nan bututu ne, cikinsu rami, kuma mai ƙira yana barin 'yar kafa a ƙasa don ruwa ya fita. Kafofin nan biyu ne ke toshe su: mai fenti da zanzaro. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya da waya. Wata da muka huda a hannun majaujawa, ruwa ja ya zubo, watanni bayan ɗaukewar damina. Daga nan sai na'urar auna kauri, wadda ke aika sauti cikin ƙarfe ta faɗi kaurinsa ba tare da an yanka ba. A kankare fenti a wuri kaɗan, a ɗiga man gwaji, a ɗora kan na'urar, a kwatanta da wurin da ruwa bai kwanta ba. A Yulin 2017, a bikin baje kolin jihar Ohayo ta Amurka, wani lilo mai suna Fire Ball ya karye yana cikin juyi, mutum ɗaya ya mutu, bakwai suka ji rauni. An duba shi kafin a buɗe, an ce lafiya. Kamfanin da ya ƙera shi ya bayyana cewa tsatsa ce ta cinye hannun kujerun daga ciki cikin shekara 18 da ya yi yana aiki. Duban ido ba zai taɓa kama wannan ba.

Gwajin tsagewar walda ba shi da tsada, haƙuri yake so. Gwangwani uku ne. A cire fenti da burushin waya, ba da injin gurza ba, don injin yana iya shafe bakin tsagar ya rufe ta. A wanke da gwangwani na farko a bari ya bushe. A fesa jan ruwa, a ba shi aƙalla minti goma ya shige duk wata kafa. A goge na sama da tsumma mai ɗan danshin mai wankewa, kada a fesa kai tsaye, in ba haka ba za a wanke har na cikin tsagar. Sai a fesa farin, siriri, a sake jira kamar minti goma. Inda akwai tsaga, jan zai tsotso ya zana layi a kan farin kamar jini a kan likkafani. Ƙarfen da ya wuce zafin digiri 50 yana busar da jan ruwan kafin ya shiga, shi ya sa a bazara ba a yin wannan da rana. Wuraren da ake fara nema su ne gindin walda, inda hannu ya haɗu da ginshiƙi, da duk inda aka ga tsatsa ta zana siririn layi a kan fenti. A 2023 a wurin wasa na Carowinds da ke Amurka, wani baƙo ne ya hango tsaga a saman ginshiƙin jirgin Fury 325 ya ɗauki bidiyo, sannan aka rufe jirgin. Abin kunya ne ga kowane sashen gyara a ce mai tikiti ya riga shi gani.

Mun sami tsaga biyu, duka a jikin wani mariƙin taya da ba na asali ba. Na asalin ya karye a wata shekara, aka kai wa mai walda a gari ya ƙera irinsa. A ido ba ka bambance su. Amma wane irin ƙarfe aka yi amfani da shi, wace irin sandar walda, waldar ta ratsa har ciki ko a sama ta kwanta, babu wanda zai iya faɗa. Ko a Siwidin wannan ya ci rai: a Yunin 2023 jirgin Jetline na wurin wasan Gröna Lund ya kauce daga dogo, mutum ɗaya ya rasu, hukumar binciken hatsari ta ƙasar kuma ta danganta abin da wani hannun riƙe taya da aka ba da kwangilar ƙerawa a madadin na asali, wanda waldarsa ba ta kai ƙarfin da ake bukata ba. Ba laifin mai waldar gari ba ne. An ba shi samfur ne ba zane ba, ya kuma yi abin da aka sa shi.

Mai lantarki shi ma bai sha da daɗi ba. Dogon jirgi a rarrabe yake gida-gida, kowane gida da na'urar da ke jin wucewar tarago, kuma ƙa'idar ita ce jirgi biyu ba sa zama gida ɗaya. Ɗaya daga cikin na'urorin ta riƙa tsayar da jirgi ba gaira ba dalili, sai aka haɗa wayoyinta kai tsaye. Da ya duba, ba ta lalace ba, mariƙinta ne ya kwance ta yi nisa da tarago, aikin minti biyar. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar gargaɗin inji a matsayin fitina ita ta jawo hatsarin jirgin Smiler a wurin wasan Alton Towers da ke Ingila a Yunin 2015. Wani tarago marar kowa ya tsaya a tsakiyar dogo, kwamfuta ta tsayar da komai kamar yadda aka tsara ta, injiniyoyi suka ɗauka kuskure ne suka saki jirgi mai mutane. Mutum 16 suka ji rauni, 'yan mata biyu aka yanke wa ƙafa, kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. A wurin wasan Dreamworld na Ostareliya kuma, a Oktoban 2016, famfon ruwan wani wasan kwale-kwale ya mutu sau biyu a rana ɗaya ana sake kunna shi, a na uku mutum huɗu suka rasu. Shi ya sa muke rubuta wa kowane wuri cewa matsalar da ta maimaita kanta a yini ɗaya, a rufe injin har a gano sanadinta.

Sauran gwajin lantarki an yi su da sauri. Makunnin da ke katse wuta idan ta zurare, mai awon miliyamfiya 30, ana danna maɓallin gwajinsa sannan a auna shi da na'ura. Na wurin motocin karo bai motsa ba sam. Sandar da ke kai wuta ƙasa tana zaune a busasshiyar ƙasa, awonta ya yi sama, wato wuta ba za ta bi ta cikinta da sauƙi ba. Aka sauya daga wutar gari zuwa janareta ana kallon injin sarƙa, saboda in an juya wayoyi biyu cikin uku a wurin sauyin, inji mai layi uku baya zai juya. Birki kuwa an ƙera shi ne yadda sifirin ke matse shi, iska ke buɗe shi, don in wuta ta ɗauke ya kama da kansa. Muka kashe kwamfireso muka tabbatar kowanne ya rufe. Da aka buɗe famfon ƙasan tankin iska, wanda ya kamata a riƙa tsiyayewa kullum, ruwa ya kusa cika bokiti.

Rana ta uku gwajin nauyi. Lissafin da ake yi wa babban mutum kusan kilo 75 ne, wato jarka uku masu cin lita 25 a kowace kujera, a ɗaure su tamau. Kafin nan ana rufe sandar cinya ta kowace kujera a fizge ta da ƙarfi a kowane mataki na kullewa. Babban lilo ana gwada shi a cike, sannan a gwada shi da kaya a gefe ɗaya kawai, domin a nan ne birki da injin juyi ke shan wuya, kuma haka yake faruwa idan sabon yaro ya loda mutane a jere. Daga nan muka kashe wuta da jarkoki a sama, muka ce wa ma'aikata su sauko da su. Suka tsaya kallon juna. Hannun da ake juya lilon da shi idan babu wuta yana sito, mai mabuɗin sito ya tafi kasuwa. Tsohon makaniken da ya san kan abin an sallame shi lokacin rage ma'aikata, waɗanda za su riƙe injunan ranar Sallah kuma yawancinsu 'yan ɗaukar mako guda ne.

Da muka zauna da manaja, ya saurari komai, sannan ya ce, "Injiniya, kwana ukun Sallah su ke biyan albashin wata huɗu. A lallaɓa mana jirgin nan, bayan biki a yi duk abin da kuka ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ranar Sallah ce zai yi sawun da bai yi ba a wata guda, kowane sawu a cike. In akwai ranar da mariƙin nan zai saki, ita ce."

Ya tambayi abin da za a iya ceta cikin kwana tara. Muka zauna da shugaban makanikansa muka raba. Jirgin yara da majaujawa ɗaya sun wuce da gyaran yini guda. Motocin karo sai an canza makunnin katse wuta an ƙara sandar ƙasa, kwana biyu. Babban lilo zai buɗe idan an rataye hannun juyi a jikinsa, kuma ma'aikata sun sauke jarkoki sau uku a gabanmu ba tare da an nuna musu ba. Majaujawar da ruwa ya kwanta a hannunta da jirgin hawa-da-gangara muka ɗaura musu jan kati, muka bar kwaɗonmu a makunninsu. Sharaɗin cirewa a rubuce yake: sabuwar sarƙa da giyarta, mariƙin taya daga kamfanin da ya ƙera jirgin tare da takardarsa, kusoshi masu lamba a ɗaure da awo a ja musu layi, da kwafin littafin jirgin, wanda ake nema daga kamfanin da lambar da ke jikin farantin inji. Lambar ma an shafe ta da fenti, sai da muka kankare kafin mu karanta.